Fankar Tirelata da Tafiyar Yaya

Yayana bai taɓa riƙe lasin tuƙi ba, amma duk direban babbar mota da ya yi aiki a garinmu a wancan zamani ya san ƙofar shagonsa. Sana'arsa gyaran wutar mota: fitilu, hon, waifa, fanka, duk abin da ke shan wuta daga batir. Direbobi ne suka sa masa suna Dakata, saboda kalmar ba ta barin bakinsa. Mutum zai shigo a fusace ya ce a cire masa kaza a sa sabo, shi kuwa sai ya ɗaga hannu ya ce a dakata tukuna, ya ɗauko ƙwan gwajinsa. Sau da yawa abin da aka zo a yar lafiyarsa ƙalau, wata 'yar waya ce ta kwance a wani lungu. Masu sayar da kayan gyara na layin suna tsokanarsa cewa shi ne ke kashe musu kasuwa, amma kullum da safe tare suke shan shayi.

Shekara goma sha ɗaya ya ba ni. Mahaifinmu ya rasu ina aji biyu, saboda haka Yaya ne ya riƙe gidan. Shi ya riƙa raka ni makaranta, shi ya zane ni ranar da na gudo daga cikinta, shi kuma ya shige gaba lokacin aurena. Tun ina ƙarami na san ba abin da yake so a duniya irin tuƙin babbar mota. Bangon ɗakinmu cike yake da hotunan tireloli da ya yanko daga kalanda. Har ya kai sunansa wani kamfanin sufuri da ke ɗaukar samari yana koya musu tuƙi, aka kuma kira shi gwaji. Ya fita da safe cikin gogaggiyar riga, ya dawo da azahar ya ce wa Inna ya fasa, wai ba zai iya kwana a hanya ya bar mu mu kaɗai ba. Inna ta yi ta sa masa albarka. Washegari ya cire hotunan daga bango, bayan mako guda ya kama koyon aikin waya, ba wanda ya ƙara tayar da maganar.

Shagon nasa ɗaki ne guda a bayan tashar manyan motoci, tsakanin mai faci da mai walda. Akwai benci, akwai tebur da ƙarfen dalma ya ƙona a wurare da dama, da gwangwanayen madara cike da fiyus da notuna, da wani rediyo da ba ya kama sai tasha ɗaya. A jikin bango an jera naɗin wayoyi kala-kala a kan ƙusoshi, kowanne da ɗan zare ɗaure a bakinsa, wani ƙulli ɗaya, wani biyu, wani uku. Na taɓa tambayarsa amfanin zaren, ya ce kwalliyar matarsa ce, ita ba ta iya ganin abu ta ƙyale shi. Har yau in na ji warin dalma da ƙonanniyar roba sai in ji kamar ina zaune a kan bencin nan.

Ni ne na zama direban. Na fara da ƙananan motoci, na shekara takwas ina faman haka, kafin wani kamfani ya danƙa mini makullin tirela. Ranar da na kai ta tasha don ya gani, Yaya ya zagaya ta sau biyu yana shafa ta, ya leƙa ƙarƙashi, ya ce ta yi. Na ce ya hau ya ga ciki, ya ce hannunsa da baƙin mai, wata rana.

Wanda bai tuƙa babbar mota ba yana ɗauka fankar cikin kan mota don jin daɗi aka yi ta. Hanyar da nake bi tana hawa duwatsu, da damina kuma sanyi ake yi a can. Da zarar ruwa ya sauko ka rufe tagogi, numfashinka kaɗai ya isa ya sa gilashin gaba ya yi gumi ta ciki, ya dushe kamar an shafa masa madara. Waifa tana share waje ne kawai. Fankar nan ce ke hura iska a jikin gilashin ta busar da shi. In ta mutu, kai da makaho ba ku da maraba.

Tawa kuwa mutuwa take yi ta farfaɗo yadda ta ga dama. Ina cikin tafiya sai in ji ƙugin ta ya ɗauke. In murɗa makunni gaba da baya, shiru. Can bayan rabin awa, ko awa biyu, sai ta tashi da kanta kamar ba ita ba. Na kai ƙara wurin foman ɗin garejin kamfani har sau uku. Karon farko ya canja fiyus, na biyu ya canja makunni, na uku ya cire fankar ɗungurungum ya sa sabuwa. Kowane karo a gabansa tana aiki lafiya lau, sai na yi nisa ta koma halinta. Kanikawan garejin suka fara kirana Mai Fanka, wani ma ya sayo mini mafici ya rataye a madubi. Na yi dariya tare da su, amma abin yana cina.

Ban kai wa Yaya ba. Dokar kamfani ce kada wani na waje ya taɓa motarsu, wannan shi ne dalilin da nake faɗa wa kaina. Gaskiyar kuwa ita ce, mutumin da ya yi mini komai tun ina yaro, na so a ce ko sau ɗaya na riƙe abu ba tare da na ruga wurinsa ba.

Wata Laraba da hantsi, ina gangarowa daga dutse da kaya cike, ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya, fanka ta ɗauke. Babu wurin tsayawa a gangaren. Na cire hulata ina goge gilashi da hannu ɗaya, ɗayan yana kan sitiyari. Ban ga kwanar ba sai da na shige ta. Tayar gaba ta faɗa lambatu, kan motar ya daki kwalbati, muka tsaya. Da na sauko, sai ga wata mata tsaye riƙe da lema, tsakaninta da bamba bai fi taku biyu ba. Ta dube ni, ta gyara ɗaurin kayanta ta wuce. Na daɗe ina ganin fuskar nan in na rufe ido.

Ɓarnar ba ta da yawa, fitila ɗaya da bamba. Amma da aka dawo da motar gareji, manaja da kansa ya hau ya murɗa makunni, fanka ta tashi tana ƙugi har takardun da ke kan dashbod suka tashi. Ya sauko ya ce barci na yi, in daina laƙa wa fanka. Akwai kayan da ke jira kuma babu direba a ƙasa, don haka zan yi tafiya ɗaya, in na dawo in ajiye makulli, sai fa in na nuna masa laifin motar da idonsa.

Da la'asar na nufi gidan Yaya. Matarsa ce ta fara ganina, ta ce yau kuma wace iska ce ta kwaso manyan direbobi zuwa gidan talakawa. Da ta dubi fuskata sosai sai ta bar wasan, ta shimfiɗa mini tabarma ta kira shi. Na kwashe komai na faɗa masa, ina jiran faɗan me ya sa ban zo tun farko ba. Bai yi ba. Bai kuma tambaye ni ko barcin na yi ba. Tambayoyinsa duk a kan fankar suke: in ta mutu, a kowace lamba take mutuwa ko a ƙananan lambobi kawai? Da kaya take yi ko wayam? A kan kwalta mai santsi ko a gargada? Fitilun dashbod suna ƙiftawa a lokacin? Ina jin ƙauri? Wasu na amsa nan take, wasu sai da na yi tunani. A nan na fara lura cewa ba ta taɓa mutuwa a shimfiɗaɗɗiyar hanya ba.

Da safe muka je wurin manaja tare. Ashe ya san Yaya, shi ya taɓa gyara masa fitilun motarsa ta gida bayan wurare uku sun gaza. Ya ce ya yarda a duba, amma foman ya tsaya a wurin. Foman ya zo ya harɗe hannu a ƙirji, fuska ba walwala.

Yaya ya bi abin daki-daki, yana yi yana faɗin abin da yake yi, yadda foman ba zai ji an raina shi ba. Ya zare fiyus ya duba ƙafafunsa ko sun yi baƙi, ya matse mazauninsa. Ya ciro rile, wato ɗan akwatin nan da ke yin ƙas in an kunna abu, ya musanya shi da na hon tunda iri ɗaya ne. Ya murɗa makunni lamba ɗaya, biyu, uku, huɗu, duk suna aiki, ya ce to ba 'yan murɗaɗɗun wayoyin da ke rage wa fanka gudu ba ne, don in su ne suka ƙone, lamba ta ƙarshe kaɗai za ta rage. Ya bubbuga jikin fankar da ƙotar sukundireba, ya jijjiga soket, ya ja wayoyin da hannunsa ya kai gare su. Fanka ko gezau. Foman ya ce ai ya faɗa.

Yaya ya goge hannu ya ce wa foman, "Gaskiyarka, a tsaye ba ta da laifi. Shi ma yana da gaskiya, a tafe take yi. Sai in bi ta."

Na ɗauka wasa yake yi. Mutumin da bai taɓa rufe shago ba sai ranar da Inna ta rasu, sai ga shi ya sa kwaɗo, ya bar wa mai faci saƙon cewa duk wanda ya zo a ce masa sai bayan kwana huɗu. Matarsa ta haɗa masa jaka kamar mai barin ƙasa, har da bargo da maganin mura. Ta ce mini in dawo mata da mijinta yadda na ɗauke shi, don iyakar yawonsa a duniya daga gida sai tasha, in aka wuce gadar bakin gari kuka zai yi.

Kafin mu tashi ya kwance murfin ƙarƙashin dashbod ta ɓangarensa. Ya maƙala ƙafa ɗaya ta ƙwan gwaji a wayar da ke kawo wa fanka wuta, ɗayar a jikin ƙarfe, ya rataye ƙwan inda dukanmu za mu gan shi. Ya ce in fanka ta mutu ƙwan ma ya mutu, to wutar ce ba ta isowa, sai mu nemi laifin ta baya. In kuwa ta mutu ƙwan yana ci, laifin yana gaba.

Ranar farko hanya shimfiɗaɗɗiya ce, gonaki hagu da dama. Yaya ya zauna a kujerar gefe ya dafa gwiwoyinsa, yana kallon komai ta sama kamar wanda aka ɗora a kan soro. Da muka wuce gadar na ce masa ko in tsaya ya yi kukan, ya ce in kula da gabana. Can sai ya fara yi mini gyara. Na yi saurin canja giya, na bar injin yana kuka a hawa, na matse wa mai babur. Abin mamaki, duk abin da ya faɗa daidai ne. Ya san tuƙin nan a ka tun daga farko har ƙarshe, ƙafa da hannu ne kawai ba su taɓa yi ba. Muka yi hirar da ba mu taɓa yi ba, ta mahaifinmu da ban san shi sosai ba, da yadda yake rera waƙa in yana aski, da tsohon gidanmu mai ɗigar ruwa inda Inna take jera kwanoni a tsakar ɗaki. Fanka kuwa tana ta aiki tun safe har muka tsaya a masauki kafin faɗuwar rana. Ko sau ɗaya ba ta yi tari ba. Raina ya ɓaci, na ce masa ga shi nan za ta kunyata ni a gabansa shi ma. Ya ce ba mu kai gidanta ba tukuna.

Washegari muka kama hawan dutse. Kwalta ta ƙare a wurare da dama, sai ramuka da gargada, kan motar yana rausaya a kan sifirin. Hadari ya haɗu, yayyafi ya fara. Mun wuce wani rami mai zurfi ke nan sai ƙugin ya ɗauke. Na duba, ƙwan yana ci tangaran. Na kai ƙafa birki.

"Kada ka tsaya," in ji Yaya. "In ka tsaya za ta warke. Ci gaba a hankali."

Ya zame daga kujera ya kwanta rigingine, kansa a ƙarƙashin dashbod, ƙafafunsa a kan kujera, mutum mai shekara arba'in da 'yan kai, motar tana wujijjiga shi. Daga can ƙasa yake yi mini bayani. Wuta tana zuwa, fanka sabuwa ce, saura hanyar komawa. Kowace wuta sai ta koma batir ta jikin ƙarfen mota, in hanyar komawar ta yanke, daidai yake da ba ta zo ba. Ya ɗauko wata guntuwar waya ya soka a ɗaya ƙafar soket ɗin fanka, ya dangwala ɗaya bakin a kan wani noti. Fanka ta tashi. Ya ɗaga, ta mutu. Ya mayar, ta tashi. Sau uku yana yi, ina jin dariyarsa tana fitowa daga ƙarƙashin dashbod. Ni kuwa idona ya cika da ƙwalla, don sai a lokacin na tabbata ban haukace ba.

Muka sami fili a gefen hanya muka tsaya. Ya ce wayar komawar mai ruwan ƙasa ce, kuma ba a cikin kan motar aka ɗaure ta ba, ta bi cikin damin wayoyi ta sauka zuwa shasi, wato ƙarfen da motar take zaune a kai. Irin motar nan kanta kifawa yake yi gaba in za a duba inji. Muka kwashe abin da zai zube, na kama famfon jak ina bugawa har kan ya kifa. A daidai inda yake juyawa, damin wayoyin ya lanƙwasa ya bi ta gefen wani ƙarfe. Yaya ya warware baƙin tef ɗin da aka naɗe shi da shi, wayoyi kusan ashirin suka bayyana, ba wadda ta nuna alamar ciwo. Yayyafi yana sauka a wuyanmu. Ya baza su a tafin hannunsa ya daɗe yana kallo. Sannan, ba tare da ya ɗago ba, ya ce:

"Auta, wacce ce mai ruwan ƙasa a cikin nan?"

Na ɗauka gwada ni yake yi. Na nuna masa. Ya ce wannan ta kusa da ita fa? Na ce ja ce. Ta ukun? Kore. Ya gyaɗa kai ya ce shi duk ukun ɗaya yake ganinsu, tun da aka haife shi.

Ya kama mai ruwan ƙasar yana bin ta da yatsu biyu, yana ɗan ja kaɗan-kaɗan, yana magana kamar labarin wani yake bayarwa. Ranar gwajin nan, ya ce, ya ci komai. Da aka zo wurin likitan kamfani sai aka buɗe masa wani littafi mai ɗige-ɗige aka ce ya karanta lambar da ke ciki. Shi bai ga lamba ba. Aka buɗe shafi na biyu, na uku, duk ɗige-ɗige. Likitan ya ce masa mutumin da ba ya raba ja da kore ba za su ba shi babbar mota ba. Ya zauna a bakin titi har azahar yana neman abin da zai faɗa wa Inna wanda ba zai sa ta ce laifinta ne ba. Da ya tashi neman sana'a kuma, ya zaɓi wadda za ta ajiye shi kusa da manyan motoci, bai yi tunanin cewa wayoyi ma da kala ake gane su ba sai da ya shiga. Maigidansa ya sha zaginsa a kan haɗa waya ba daidai ba, har ya koyi daina yarda da ido, ya koma gwada kowace waya da ƙwai kafin ya taɓa ta. Abin da ya sa ake ganin yana da nawa ke nan, abin da ya sa kuma ba ya kuskure. Matarsa kaɗai ta sani. Ta gano shi ne watan farko na aurensu, a kan hula da riga da ya haɗa kalarsu ba ta dace ba. Ita ke ɗaura zaren nan a shago: ƙulli ɗaya ja, biyu kore, uku ruwan ƙasa.

Na ce masa ai da ya faɗa, da ba wanda zai ga laifinsa. Ya ce wane direba ne zai miƙa wa irinsa wayoyin motarsa? Ya ƙara da cewa ko yanzu da ya so da ya nemo ta da ƙwai ba sai ya tambaye ni ba, gajiya kawai ya yi da riƙon maganar.

Yatsunsa suka tsaya. Ya ce in kawo hannuna. Ya sa na ja wayar a daidai wurin, na ji ta miƙe kamar roba, alhali sauran jikinta ba ya miƙewa. Ya yanka da filaya ya feɗe rigar. Tagullar da ke ciki ta karye gaba ɗaya, bakin biyu sun yi baƙi, suna taɓa juna ne kawai in motar tana zaune daidai. Da kan ya rausaya sai su rabu. Ya yanke kamu guda na wayar ya sa a aljihun gaba, ya ƙara sabuwa mai ɗan tsawo yadda za ta sami sararin lanƙwasa, ya naɗe damin, ya yanko guntun tsohon tiyo ya sa tsakaninsa da ƙarfen. Muka sauke kan motar. Daga nan har muka sauke kaya, ruwa bai tsaya ba, gilashi kuwa garau.

Inda muka sauke kayan wani babban fili ne mai katanga, bayan sito, ba kowa sai maigadi yana gyangyaɗi a rumfarsa. Motar ta zama wayam. Na zagayo na buɗe ƙofar direba na ce masa a nan babu ja babu kore. Ya ce in bar shirme, dokar kamfani fa? Na ce ni da ake shirin kora, wace doka ta rage mini. Ya goge tafin hannunsa a jikin wando, ya hau.

Ya gyara kujera, ya gyara madubi, ya taka kuloci ya sa giya kamar wanda ya shekara yana yi. Tashin farko motar ta yi tsalle ta mutu. Na biyu ta ɗauka. Ya tafi da ita a hankali daga bakin sito har wata bishiya da ke ƙarshen filin, ya yi kwana mai faɗi, ya dawo. Ya sake zagayawa, wannan karon har giya ta uku. Da ya tsaya ya ja birkin hannu, bai sauko nan da nan ba. Ya zauna riƙe da sitiyari yana kallon gaba. Can ya ce kujerar ta fi yadda yake zato tauri, ya sauko ya koma gefensa.

Da muka dawo, ya ajiye guntuwar wayar a kan teburin manaja ya nuna masa karayar. Manaja ya jujjuya ta, ya kira foman. Kafin a ce komai Yaya ya riga ya ce ba laifin gareji ba ne, ba mai ganin wannan a tsaye, daga masana'anta aka ja wayar ta yi kaɗan. Foman ya saki fuska. Shi da kansa ya ce a kifa kan sauran motocin irin tawa, aka sami uku da wayoyinsu suka fara cinyewa a wuri guda, ɗaya ma ta fitilun gaba ce. Manaja bai ba ni haƙuri ba, ba halinsa ba ne, ya dai turo mini makulli ta kan tebur ya ce Litinin akwai kaya. Na ƙara shekara goma sha tara a kamfanin. Sunan Mai Fanka kuwa ya bi ni har na ajiye aiki.

An yi wa Yaya tayin ya dawo garejin kamfani, ya ce shi da bencinsa. Ya ci gaba da buɗe shago har zamani ya juya, motoci suka koma sai an jona musu kwamfuta kafin su faɗi ciwonsu. Bai yi gaba da abin ba, ya ce na'urar tana da kai, amma ta kan faɗi unguwar da laifi yake ne, ba ta faɗin gidan. Masu kwamfutar ma in sun rasa gidan, wurinsa suke turowa. Da gwiwoyinsa suka daina yarda ya shiga ƙarƙashin mota, sai ya koma gyaran fankokin gida da tocila a ƙofar gidansa, maƙwabta suna kawowa. Ya rasu shekara shida da suka wuce, bayan jinyar mako biyu. Ranar, tireloli sun yi layi tun daga bakin lungunsu har babban titi, direbobin da ban taɓa gani ba suna ta yi mini gaisuwa.

Matarsa tana nan, ta tsufa amma bakin bai tsufa ba. Duk Juma'a nakan je gaishe ta, ta ce ga wanda ya lalata mata miji da yawo. A wurinta na ji cewa bai taɓa daina ba ta labarin filin nan ba. Shekarar farko, in ji ta, daga sito zuwa bishiya ne. Bayan shekara biyar ya zama ya fita da motar waje ya zagaya gari. Kafin ya rasu har ya fara hawa dutse da ita cikin ruwa, ni ina gefe ina barci. Ta tambaye ni wanne ne gaskiya a ciki. Na ce mata ai tunda barci nake yi, ba ni da ta cewa.